Ranar da Bunu Mai Korar Tsuntsu Ya Yi Shiru

Duk wanda ya taɓa bi ta fadamar Auyo lokacin da shinkafa ke nuna ya san muryar Bunu, ko da bai taɓa ganin fuskarsa ba. Tun kana bisa babur, inji na ƙara, iska na kaɗa maka kunne, za ta riske ka daga can tsakiyar gonaki, ka waiga kana neman wanda ake yi wa faɗa. Ba da kai ake ba. Da jan-baki ake, ƙananan tsuntsayen nan da ke zuwa garke guda su faɗa gonar mutum da hantsi, kafin azahar su bar masa kara tsaye.

Sana'ar Bunu ke nan, korar tsuntsu. Kada ka yi dariya, domin manoman da suka san ciwon kansu tun shinkafa na cikin ruwa suke zuwa ƙofar gidansa su kama shi, kada wani ya riga su. Kakansa daga wajen Tafkin Cadi ya taso da komarsa ta kamun kifi, ya yi ta bin ruwa har ya yada zango a nan. Ubansa ma sana'ar su ya yi har ƙarshen ransa. Shi kuwa Bunu tun yana ƙarami aka gane ba zai gaje su ba. Da ya buɗe baki a cikin jirgi sai kifi ya watse, masunta su yi ta harararsa. Wata rana uban ya gaji, ya sauke shi a gaɓa, ya ce a kai yaron nan gona, can ne za a ci moriyarsa.

Aka ɗora shi kan rumfar gadi, ga shi har gemu ya yi fari bai sauko ba. Rumfa ce mai dogayen ƙafafu a tsakiyar gona. Daga jikinta igiyoyi ke fita zuwa kowace kusurwa, an rataya musu gwangwanaye masu tsakuwa a ciki, da tsummoki, da ledoji. A gefensa ga majajjawa, ga tulin dunƙulen laka da ya busar a rana. Amma duk waɗannan kayan ado ne. Babban makaminsa maƙogwaro. Tun garke na can nesa, ɗan duhu-duhu a gindin sama, zai hango shi, ya miƙe, ya cika ƙirji, ya saki tsawa guda, sai ka ga duhun ya karya kwana ya nufi gonar wani bawan Allah da ya yi rowar ɗaukar mai gadi.

Shi dai ya ce ba ya gaba da tsuntsu. Aikinsu ci, aikinsa hanawa, kowa na kan aikinsa.

Matsalar guda ce: in ya sauko daga rumfa, muryar ba ta saukowa tare da shi. In ya ce amin a masallaci, liman kan ɗan dakata kafin ya ci gaba. In ya gaida mutum a kasuwar Kafin Hausa, mutum uku ne ke amsawa daga rumfuna dabam-dabam. Matarsa 'Yar'azumi ta ce tunda aka kawo ta gidan ba su taɓa yin sirri ba, kuma ba don ba su gwada ba. Ranar da ta ja shi ƙuryar ɗaki ta gaya masa autarsu Amatullahi, wadda ke aure a Dutse, ta samu juna biyu, ta roƙe shi ya riƙe bakinsa. Ya sunkuyo, ya yi abin da a ganinsa raɗa ce, ya ce, "Auta ce ke da ciki? Alhamdu lillahi." Ba ta gama sharar tsakar gida ba matan maƙwabta suka fara shigowa yi mata barka.

Ban da wannan, Bunu mutum ne da Allah Ya rufa wa asiri. Rumbunsa bai taɓa bushewa ba, yana da 'yan awakinsa, ba ya riƙon kowa a rai. Jikokinsa na ƙauye kuwa sun mai da shi abin hawa. Wannan ya fizge masa hula, wancan ya laluba aljihu neman dabino, shi kuma yana daka musu tsawa suna dariya, don da ita suka tashi.

Jika ɗaya ce ta gagare shi, ita ce kuwa wadda aka yi wancan sirrin a kanta. Jannat, 'yar Auta. Tana rarrafe aka kawo ta ganin gida, Bunu ya shigo daga gona cike da murna, ya ware hannu ya ce, "Ina amaryata?" Yarinya ta ƙwalla ƙara har numfashinta ya sarƙe, sai da aka shafa mata ruwa. Tun daga ranar, duk zuwan da za su yi, da ta ji takunsa sai ta shige bayan zanen uwarta. Yanzu ta kai shekara biyar ko kusa da haka, tana surutu kamar kanari da kowa, har da awaki, amma shi ko gaisuwa sai an matsa mata, ta faɗa tana kallon ƙasa. In an zo zancen a gaban mutane dariya yake yi, ya ce amaryar birni ce, tana jan aji. Amma abin na ci masa rai sosai. Tsufa na zuwa, zuwan nasu kuma ba kullum ba ne, yana tsoron yarinyar ta girma ba ta san komai game da shi ba sai ƙara.

A farkon bazarar bana suka sake zuwa. Sanyi ya tattara ya tafi, zafi bai gama kankama ba, dogon yaro ya yi fure har ƙamshinsa na shigowa ɗaki. Shinkafar rani ba ta fitar da kai ba tukuna, saboda haka Bunu na gida, ba aikin fari balle na baƙi. Ya sayo alawa, ta ƙi karɓa sai ta hannun kakarta. Ya kamo mata ɗan akuya, ta jira ya fita sannan ta taɓa shi. Har aka zo jajibirin komawarsu ba abin da ya canza.

Da safiyar ranar, mijin Auta, Abdulmannan, ya zo ya durƙusa nesa kaɗan, kansa a ƙasa kamar yadda ya saba a gaban surukinsa. Mutum ne mai sanyin magana, sai ka kasa kunne kafin ka ji shi.

"Baba, dama muna so ne mu ɗan kai yarinyar nan bakin ruwa. An ce akwai wani tafki nan gabas, Ruwan Goruba, wai tsuntsaye sun taru a wurin. Ita kuma ba ta da zance sai na tsuntsu, kullum tana kallonsu a wayata. Na yi mata alkawari. Ko za ku daure ku raka mu, tunda kun san hanya?"

"Ku yi me da tsuntsayen?" in ji Bunu.

"Kallo, Baba."

"Kallo kawai? Ba kamawa, ba korawa?"

"Kallo kawai."

Bunu ya dubi surukinsa, ya dubi sama. A ce mutum da hankalinsa ya ƙona mai, ya bar inuwar gida, ya je ya zauna yana kallon abin da shi ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana kora. Har ya buɗe baki zai faɗi ra'ayinsa, sai 'Yar'azumi ta yi gyaran murya daga bakin murhu. Da Abdulmannan ya tashi, ta matso.

"Malam, ba ka da wata dama da ta wuce wannan. Abin da take so ke nan a duniya, kai kuma ba wanda ya fi ka saninsu. Ka je ka nuna mata. Amma don Allah ka bar muryar nan a gida."

Aka shirya kamar za a yi ƙaura. 'Yar'azumi ta turara dambun shinkafa da zogale, ta soya kifi karfasa, Auta ta cika jarka da zoɓo, aka naɗe tabarmi biyu aka cusa a bayan mota. Bunu ya sa rigarsa ta Juma'a. A mota aka ba shi gaba, shi da Abdulmannan kowa na kallon tagarsa saboda kunya. Jannat na baya, can lungun da ya fi nisa da shi. Duk hanya da hannu Bunu ya yi ta nuna kwana, yana jin daɗin kansa, don a ganinsa ya fara iya shirun nan.

Inda hanyar mota ta ƙare suka sauka suka kama ƙafa. Suka ratsa ta cikin goruba, suka wuce shanun Fulani da balbelu ke bin sawunsu, suka bi wata siririyar hanya tsakanin kacalla, doguwar ciyawar ruwan nan da ta cinye rabin fadama. Suna cikin tafiya sai ga wani ƙaton tsari, ɗan'uwan guza, kwance a tsakiyar hanya yana shan hantsi, tsawonsa ya kusa na taɓarya. Auta, wadda a ƙauyen nan aka haife ta, ta yar da jarkar zoɓo ta tattare zane ta yi baya. Abdulmannan ya tsaya cak da tabarmi a ka. Jannat kuwa sai ta tsuguna, ta dafa gwiwa, tana leƙen yadda yake fito da harshe yana mayarwa. Da ya gaji da kallon da ake yi masa ya ja jiki ya shige ciyawa, har hannu ta ɗaga masa.

Bunu ya ga wannan, jikinsa ya yi sanyi. Yarinyar da ba ta tsoron tsari, shi take tsoro.

Da suka fito daga kacallar sai tafkin ya buɗe a gabansu. Rani ya janye ruwan, ya bar laka mai faɗi a gefe, duk tsuntsayen da a da ke warwatse a fadama sun haɗu wuri guda. Kirinjijiya sun yi sahu a bakin ruwa, fuskokinsu farare, suna ta fito. Dinya na yawo a tsakiya da ƙasaita. Zalɓe ya tsaya da ƙafa ɗaya kamar mai jiran a kira shi. Ga wasu ƙananan masu dogon baki da ke zuwa da sanyi su tafi in zafi ya yi, suna ta caccakar laka, suna cika ciki kafin tafiya. Ko'ina ka duba motsi ne.

Jannat ta saki hannun uwarta. Ta yi gaba a hankali, baki buɗe, ko ƙiftawa ba ta yi. Ta manta da kowa, har ta zo ta tsaya dab da Bunu, kafaɗarta na gogar gefen rigarsa, ba ta ma san wa ke kusa da ita ba. Shi kuwa ya sani. Ya ƙame, yana ta tunanin da wanne zai fara nuna mata.

A daidai lokacin ne ɗan duhun nan ya ɓullo daga yamma.

A can gefen tafkin akwai wata 'yar gonar shinkafa. Ba tasa ba ce, ba a ɗauke shi gadinta ba, bai san mai ita ba, shinkafar ma ko kai ba ta fitar ba, babu abin da tsuntsu zai ci a cikinta. Su jan-bakin, ruwa kawai suka zo sha. Duk wannan Bunu ya sani, amma daga baya ya tuna. A lokacin, idonsa ya ga garke na karkatowa kan koren shinkafa, ƙirjinsa ya cika da kansa, hannunsa ya tashi neman igiyar da babu ita.

"Haaaa! Kai, kai, kai! Haaaa!"

Tafkin gaba ɗaya ya tashi sama. Fuka-fukai suka yi ta bugun ruwa, kuka ya cika wuri, rana ta dushe na ɗan lokaci. Kafin a ce wani abu, sun zama ɗigo-ɗigo a can nesa. Aka bar ruwa fayau, sai 'yan gashin tsuntsu na lilo a kai.

Jannat na can ƙanƙame da uwarta, ta cusa fuska a cinyarta, tana kuka har da shessheƙa. "Ya kore min su. Umma, ya kore min su duka."

'Yar'azumi ta juyo. Kallonsa kawai ta yi, shi kuwa da ma zaginsa ta yi da ya fi masa sauƙi. Abdulmannan ya yi ta cewa, "Ba komai, Baba, ai ba komai," yana kallon takalminsa. Auta ta ce tunda abin ya zama haka, gara a ci abinci a juya kafin rana ta yi zafi.

Kunya ta rufe Bunu, ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya so ya ba da haƙuri, ya so ya yi bayani, amma ya san da ya buɗe baki zai ƙara ɓata lamarin. Sai ya ɗaga hannu. Ya nuna sama inda suka bi, ya nuna ruwa, ya nuna rana, ya karkata tafin hannunsa yamma kaɗan.

"Ya ce za su dawo," in ji 'Yar'azumi. "In rana ta ɗan karkata. Ya ce a jira."

Ya gyaɗa kai. Ya zaro goro daga aljihu, ya ɓare, ya cusa ɓari guda a kumatu don bakin ya samu abin yi. Sannan ya taka shi kaɗai har bakin laka, ya sami gindin wata karkatacciyar goruba, ya tattare rigar Juma'a ya zauna, ya ba su baya.

Sauran suka shimfiɗa tabarmi a inuwa. Aka lallashi Jannat da zoɓo. Aka kai wa Bunu kwanonsa, ya girgiza kai. Abdulmannan, da yake ba ya iya cin abinci a inda surukansa ke ganinsa, ya ɗauki nasa ya zagaya bayan wata sabara, ya zauna a fili. Daga inda Bunu yake, ta wutsiyar ido, ya hango shirwa na shawagi. Ya san wannan shawagin. Ya ga ta karkata, ta haɗe fuka-fukai, ta nufo hannun da ke ɗauke da rabin karfasa. Tsawar ta taso masa tun daga ciki, ta zo maƙogwaro, ya danne ta da goro har idonsa ya kawo ruwa. Shirwa ta yi gaba da kifi. Abdulmannan ya bi ta da kallo, hannu a sama, ya yi salati a hankali. Auta da uwarta suka toshe baki suna ƙyaƙyatawa, har Jannat ta ɗan murmusa da guntun hawayenta.

Da azahar ta yi, Bunu ya yi alwala a bakin ruwa. Abdulmannan ya ja baya don surukinsa ya shiga gaba, Bunu ya kama hannun rigarsa ya tura shi, don ya san kabbararsa guda ta isa ta mai da aikin baya. Aka idar, ya koma gindin gorubarsa.

Zaman bai yi masa sauƙi ba. Tururuwa ta hau masa ƙafa, ya bar ta. Tari ya taso, ya haɗiye. Inuwa ta gusa ta bar rabin jikinsa a rana, bai matsa ba. A rumfa ma yini yake yi, amma can a tsaye yake, yana motsi, yana faɗa. Bai taɓa sanin zama shiru aiki ba ne sai ranar.

Taka-bado ne ya fara fitowa, ɗan tsuntsu mai ruwan ƙasa da dogayen yatsu, wanda da ma bai yi nisa ba, cikin ciyawa ya ɓuya. Ya hau ganyen bado yana takawa ɗaya bayan ɗaya, ganyen na ɗan nutsewa yana tasowa. Can sai zalɓe ya dawo, ya sauka daidai inda ya bari, ya ɗage ƙafa ɗaya kamar ba abin da ya faru. Sai fito ya fara tasowa daga nesa. Kirinjijiya suka zo suka yi kewaye, suka sake yin wani, ba su yarda ba tukuna. Sannan biyu suka sauka, sai goma, sai aka daina lissafi.

Da yake mutumin da ke gindin goruba ya daɗe bai motsa ba, sai suka ɗauke shi kututture. Suka yi ta matsowa suna kiwo har kusa da ƙafarsa. Bunu ya zuba musu ido. Shekara da shekaru yana tare da tsuntsaye, ashe bayansu kawai ya sani, suna gudu. Bai taɓa ganin yadda kirinjijiya biyu ke tsayawa suna gyara wa juna gashin wuya ba. Bai san dinya na da ja a fuska har haka ba. Abin ya ba shi mamaki, ya kuma ba shi sha'awa, har ya ɗan manta da abin da ya zaunar da shi.

Sai ya ji motsin ƙaramin takalmi a bayansa.

Bai waiga ba. Motsin ya tsaya, ya sake matsowa, ya sake tsayawa. Daga tabarma ba a ganin komai sosai, duk wanda ke son kallo na gaske dole ya zo inda kututturen yake. Jannat ta tsuguna nesa da shi kamar tsawon tabarma. Bayan ɗan lokaci ta ja jiki ta rage rabi. Yana jin numfashinta.

Daga hagu wasu manya guda biyu suka sauko, dogaye, masu tuntu ruwan zinariya a ka. Ko Bunu ya daɗe bai gansu ba, don yanzu ganinsu sai an dace. Suka taka a hankali, ɗaya ya rusuna wa ɗaya, ya buɗe fuka-fukai ya yi ɗan tsalle.

"Kaka," in ji wata 'yar murya. "Waɗancan mene ne sunansu?"

Tunda aka haife ta, yau ce rana ta farko da ta yi masa magana ba a sa ta ba. Kuma tambaya ce, tana jiran amsa. In ya amsa yadda ya saba, tsuntsaye za su tashi, yarinya ta bi su. In ya yi shiru, za ta ɗauka ba ya son kula ta. Ya juya goron a baki. Ya tattaro duk dabararsa, ya matse maƙogwaro, ya motsa leɓe. Iska ce kawai ta fito.

"Ban ji ba," in ji Jannat.

Ya sake gwadawa. Iska.

Sai ta miƙe, ta zo ta dafa gwiwarsa da hannu biyu, ta yi ɗage, ta kawo kunnenta dab da bakinsa.

"Gauraka," in ji Bunu, da wata murya da shi kansa bai san yana da ita ba.

Ta noƙe wuya tana dariya ƙasa-ƙasa, wai gemunsa na yi mata cakulkuli. "Gauraka," ta maimaita. "Wancan fa, mai tafiya a kan ganye?"

"Taka-bado."

"Ba ya nutsewa?"

"Dubi yatsunsa."

Ta duba, ta dubi nata yatsun. Tambaya ta bi tambaya, kowace sai ta kawo kunne, har ta gaji da ɗage ta haye cinyarsa ta zauna, ta jingina da ƙirjinsa. Ƙafarsa ta yi tsami tuntuni, amma ko za ta tsinke ba zai motsa ba. Daɗi ya cika shi har ya rasa inda zai sa kansa. A can kan tabarma Auta ta ɗaga waya za ta ɗauki hoto, 'Yar'azumi ta dafa mata hannu ta ce ta bari tukuna.

Rana ta yi sanyi, Abdulmannan ya fara naɗe tabarma. Jannat ta juyo ta dubi kakanta sosai, irin kallon da ta yi wa tsari.

"Kaka, sake yi."

Ya ɗaga gira.

"Irin na ɗazu. Ɗazu na rufe ido, ban ga tashinsu ba."

Ya waiga wajen 'Yar'azumi neman ceto. Ta ɗaga kafaɗa, alamar tsakaninku. Ya sunkuya ya raɗa wa yarinyar, "Ba za ki yi kuka ba?"

Ta girgiza kai. Ta toshe kunnuwa da yatsu, ta ƙara lafewa a ƙirjinsa, ta buɗe ido tar.

Bunu ya tofar da goro. Ya cika ƙirji, ya saki wadda ya yini yana dannewa. Tafkin ya tashi, fari da baƙi da ruwan ƙasa, hasken yamma na dukan cikin fuka-fukansu, gauraka biyu na bin baya a hankali da ƙafafu a miƙe. Yarinyar ta zabura a jikinsa, ya ji gabansa ya faɗi. Sai ya gane dariya take yi, har tana buga ƙafa. Ta cire yatsu daga kunne, ta cika nata ɗan ƙirjin, ta ce, "Haa! Kai, kai!" Taka-bado, wanda ya riga ya sake leƙowa daga ciyawa, ya dube ta, ya ci gaba da kiwonsa.

A hanyar komawa mota a wuyansa ta hau, ta riƙe hularsa da hannu biyu. Tana tambaya yana amsawa, har ya saki jiki ya manta, ya shiga ba ta labarin yadda jan-baki ke kwana a cikin kacalla da muryarsa ta kullum, shanun Fulani na ɗaga kai suna kallonsu. Auta ta buɗe baki za ta yi magana. Kafin ta ce komai, Jannat ta sunkuyo ta ja kunnen kakanta.

"Kaka, a hankali mana. Ai ina jinka."

Ya rage kaɗan, ya ci gaba da labarin.